Sawun da Ba a Share Ba

Ranar Litinin da sassafe aka tarar da shanun tsangayar aikin gona, su arba'in da biyu, tsaye a cikin gonar gwajin shinkafa, cikinsu ya yi taf, suna tuƙa. Abin da ba su ci ba sun tattake shi cikin laka. An datse wayar shinge a wuri biyu, an rataye filayar a jikin turke kamar don kada a sha wahalar nemanta. A hannun filayar akwai harufa biyu da jan fenti: Z da I.

Ba kowace shinkafa ba ce. Sabon iri ne da shugaban tsangayar, Dokta Ulpiano Vallejos, ya shekara shida yana cewa zai canja noman lardin Corrientes gaba ɗaya. Saura kwana goma baƙi su zo daga ma'aikatar gona su gani.

Kafin ƙarfe tara kowa ya san mai laifi, ko da yake ba wanda ya ambaci suna. A wannan tsangaya ba a faɗin abu da baki. Kallo ake yi, a kawar da kai. Duk idanu sun karkata ga ɗakin ajiyar tsofaffin kujeru da ke bayan ginin, inda aka mayar da ofishin Injiniya Zulema Insaurralde.

Eleuterio Barrios ne ya kora shanun waje. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a fadamu kafin gwiwa ta gaza masa, ya dawo shugaban ma'aikatan gonar tsangaya. A gidan gonar yake zaune da matarsa, kuma takardar aikinsa duk ƙarshen Maris ake sabunta ta, kamar ta mafi yawan mutanen wurin. Yana tsugune a bakin shinge sakataren tsangaya, Injiniya Nicasio Alegre, ya iso, filas a hammata, yana taka ciyawa a hankali don kada takalminsa ya ɓaci.

"Tsoho, aikin ba wuya," in ji Nicasio. "Majalisar tsangaya za ta zauna Alhamis. Farfesa Casimiro ya kafe sai an ji ta bakinka, ka san shi da neman magana. Ka duba, ka je ka faɗi abin da kowa ya gani."

"Me kowa ya gani, Injiniya?"

"Haba, tsoho. Kai za a koya wa karatun ƙasa?"

Eleuterio ya miƙe. Ya bi sawun daga rumfar kayan aiki zuwa shinge. Takalmin roba ne ƙarami, da faci a dugadugin hagu. Ya san facin, don shi ya liƙa shi da hannunsa bara. Takalmin Zulema ne, babu tantama. Amma dugadugin bai zauna a ƙasa ba, duk nauyin a kan yatsu yake, kamar mai tafiya a kan ƙaya. A gefen magudanar ruwa akwai sawun mota mai taya ɗaya da ta suɗe. A gindin babbar bishiyar timbo da ke kallon gonar kuwa, wani ya share ƙasa da reshe, ya share ta da kyau. Eleuterio ya tsallake wata 'yar tukar ganyen mate a jikin saiwa, wato shayin ƙasar da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya ana zuƙa da bututun ƙarfe, ya zagaya bishiyar sau biyu, bai sami komai ba.

Abin da ya fi damunsa shi ne jiya. Tun ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi aka tura shi gari da ma'aikatansa biyu su sayo nama da gawayi, wai shugaba zai yi wa ma'aikata walimar gashi a gidansa. Shekara shida bai taɓa ba su ko ƙashi ba.

*

Doña Hermelinda mai talla tana bakin ƙofar tsangaya da kwandon chipa, ƙananan burodinta na rogo da cuku. Shekara ashirin tana nan, ta ga shugabanni huɗu sun zo sun wuce.

"Ga mai bin sawu ya zo bin nawa," ta ce. "Ni dai Lahadi ina coci, tambayi Budurwar Itati, waliyyiyar cocinmu."

"Ke ko kin yi sata ba za ki iya gudu ba. Ba ni biyu masu zafi. Hermelinda, me yarinyar nan Zulema ta yi musu ne tun farko?"

"Ji shi! Kamar ba a garin yake ba." Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Ka san Dokta da sukari yake shan mate. Namiji guda, cokali biyu. Da ya hau kujera, duk malaman nan da suka tashi da mai ɗaci sai ga su da gwangwanin sukari a kan tebur. Wata takwas da suka wuce, a taro, ƙoƙo ya zagayo kanta, ta ce ita ba ta shan mai zaƙi. To da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai ta ce ta ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a ganyen shinkafarsa, ko an duba?"

"Sai me?"

"Sai babu. Ba takarda, ba faɗa. Washegari mabuɗinta ya ƙi buɗe ɗakin gwaji. Daga ranar, in ana zagayen mate ta shigo, ƙoƙo tsallake ta yake yi kamar turke. Wata takwas, Eleuterio. Ko kare ana jefa masa ɓawo." Ta miƙa masa chipa, ta riƙe ba ta saki ba. "Kai ma yaushe rabonka da ka zuba mata?"

Ya karɓi burodinsa ya tafi. Bai ji daɗinsa ba.

*

Motar mai suɗaɗɗiyar taya ta Farfesa Casimiro Leiva ce, wanda kowa ya san kujerar shugaba yake nema a zaɓen watan Mayu. Eleuterio ya same shi a ofis. Farfesan ya tashi ya rufe ƙofa kafin ya yi magana.

"Na san abin da ya kawo ka. E, na je gonar."

"Ranar Asabar, kafin yayyafin la'asar," in ji Eleuterio. "Ɗigon ruwa ya faɗa a kan sawun tayarka, bai faɗa a kan na takalmin ba. Ba kai ba ne, Farfesa. Me ka je yi nake tambaya."

Casimiro ya yi 'yar dariya, ya jawo aljihun tebur, ya fito da ganyen shinkafa huɗu a cikin leda. Duk sun yi tabo, wuyan zangarniyar ya yi baƙi.

"Rabin gonar haka take. Da baƙin nan sun zo, yaro ma zai gane. Shanun nan taimako suka yi wa wani."

"To ka faɗa ranar Alhamis."

"Sai Mayu." Ya mayar da ledar, ya kulle. "Harsashi ɗaya gare ni, ba zan harba shi a kan tsuntsu ba."

"Ita Zulema fa?"

"Ba ta da ƙuri'a, Eleuterio. Malamin wucin gadi ba ya zaɓe. In ta ci jarrabawar tabbatarwa ranar sha biyu ga Maris, za ta samu. Amma wanda ake bincike a kansa ba ya zama jarrabawa, kuma ba za a sake buɗe gurbin ba sai bayan shekaru. Ka gane yanzu?" Ya ɗauki ƙoƙonsa, ya zuba sukari cokali ɗaya, ya lura tsohon yana kallo. "Kada ka dube ni haka. Kowa da inda yake ɓoye wuƙarsa."

*

Ɗakin Zulema ba fanka. Tana zaune tsakanin karyayyun kujeru tana duba takardun ɗalibai, iskar arewa mai zafi tana kaɗa labule. Shekara goma sha uku tana koyar da cututtukan shuka a kan takardar shekara-shekara.

"Shigo, Baba Eleuterio. Ka zo ka gaya mini takalmina ne? Nawa ne. A rumfa yake kwana, shi da filayar, rumfar kuma ba ta da kwaɗo tun da aka ce za a sayo."

"Ina kike Lahadi da safe, Injiniya?"

"A gida, ina karatun jarrabawa. Ni kaɗai. In kana neman shaida, akwai kyanwa."

Ta zuba ruwa a ƙoƙo, ta sha, ta sake zubawa. Sai hannunta ya miƙo gare shi da kansa, yadda hannun kowa yake yi. Ta tuna, ta fara janyewa.

Eleuterio ya dubi ƙofar da ke buɗe. Ya ji kunyar wannan duban har cikin ƙashinsa. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya zuƙa har bututun ƙarfen ya yi ƙara. Ɗaci ne tsantsa, irin na mutanen fadama.

Idonta ya kawo ruwa. Don ta ɓoye, sai ta tashi ta juye tukar ganyen ta taga. Eleuterio ya leƙa. A ƙarƙashin tagar akwai tarin tuka na wata takwas, ya bushe, ya yi fari-fari. Ya daɗe yana kallonsa. Babu kiyashi ko ɗaya.

"Lafiya, Baba?"

"Na tsallake abu ɗazu," ya ce. "Shekara talatin ina bin sawu, na tsallake shi kamar makaho."

Ya koma gindin timbo da sauri iyakar abin da gwiwa ta yarda. Tukar tana nan a jikin saiwa, kashi biyu, alamar an daɗe har aka canja ganye. Kiyashi ya rufe ta baƙi ƙirin, ya yi layi har cikin ciyawa. Ya kwanta rubda ciki, ya hura ƙasar da aka share. Ramuka huɗu suka bayyana, ƙafafun kujerar naɗewa, sun nutse sosai. A kan saiwar hagu kuma akwai tabo biyu kore, busassu, kusa da juna.

Sun share sawun ƙafa, sun share na kujera. Tukar mate kuwa ba su gan ta ba. Wa yake ganinta a ƙasar nan? Tana bakin kowace ƙofa, tana gindin kowace bishiya.

*

Ranar Laraba da yamma Nicasio ya zo gidan gona. Bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon bishiyar lemon da matar Eleuterio ta shuka.

"Ta yi 'ya'ya bana. Shekara nawa kuka yi a gidan nan?"

"Sha ɗaya."

"Ikon Allah. Dokta ya ce in gaishe da uwargida. Takardun Maris suna kan teburinsa, bai fara sa hannu ba tukuna, aiki ya yi masa yawa." Ya gyara filas a hammata. "Ni ma ɗan ƙauye ne, chamigo, abokina. Na san wuyar neman gida da tsufa. Gobe minti biyu ya ishe ka."

Da ya juya, Eleuterio ya bi ƙafarsa da kallo. Yana ɗan ɗingishi, kamar mai kanta a yatsu. Iskar arewa ba ta tsaya ba, shanu sun taru a kusurwa ɗaya sun ƙi kiwo. Matarsa ta leƙo ta tambaye shi me baƙon ya ce. Ya ce gaisuwa ce.

*

Mutum tara ne a teburin majalisa. Dokta Ulpiano yana kai, babban mutum, ya cika kujerarsa. Casimiro yana can ƙarshe. An ajiye wa Zulema kujera a jikin bango, nesa da kowa. Eleuterio ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

"To, malam mai bin sawu," in ji shugaba da fara'a, "gajarta mana. Takalmin wa ka gani?"

"Na Injiniya Zulema ne, Dokta. Filayar ma tata ce."

Wani ya sauke ajiyar zuciya. Alƙalamin mai rubuta bayanin taro ya fara gudu. Zulema ta rufe ido.

"Sai dai maƙogwarona ya bushe," in ji Eleuterio. "Tsufa. Ko za a fara zagayen, in jiƙa shi in ƙarasa?"

Shugaba ya yi dariya, ya ɗaga yatsa. Nicasio ya miƙe, kamar yadda yake yi a kowane taro shekara shida. Ya cika ƙoƙo da ganye, ya girgiza, ya zuba sukari cokali biyu, ya zuba ruwa. Ya zuƙi kurɓin farko, ya juya hagu, ya tofar a tukunyar fure da ke gefen taga. Ya sake zuƙa, ya sake tofarwa. Furen tukunyar ya daɗe da mutuwa. Sannan ya cika ƙoƙon, ya miƙa wa shugaba da hannu biyu.

"Tsaya haka, Injiniya," in ji Eleuterio a hankali.

Ya matso, ya kwance hankicinsa a kan tebur. Tukar ganye ce, kiyashi na yawo a cikinta. Wata malama ta janye takardunta.

"A gindin timbo na ɗebo wannan. Wanda ya datse waya bai tafi ba. Ya zauna jiran shanu su shiga su ci, har aka canja ganye sau biyu. Kun ga kiyashi. Kiyashi ba ya bin ɗaci. Ku je bayan tagar Injiniya Zulema, tukar wata takwas ce a tare, ba ko ɗaya. Duk ɗakin nan kun san abin da ya sa ba ta shan mai zaƙi, kun kuma san abin da ya jawo mata."

"Kowa a nan mai zaƙi yake sha," in ji Nicasio. Muryarsa ta sirance.

"Gaskiyarka. Amma mutum biyu ne a gindin bishiyar. Ɗaya mara nauyi, wanda ya cusa ƙafarsa a takalmin da ya yi masa kaɗan, yana tafiya a kan yatsu. Ɗaya mai nauyi, a zaune a kujera, ƙafafunta sun nutse rabin yatsa. Mutum biyu suna shan mate. To ku gaya mini, wa ya sha mate da ita a wata takwas? Wanda ya sha, ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa. Labule kawai ke kaɗawa.

"Ni na sha, ranar Litinin, da kunya. Saura abu ɗaya. 'Yan birni haɗiye kurɓin farko suke yi. Mu 'yan ƙauye muke tofarwa, haka iyayenmu suka koya mana. A kan saiwar hagu akwai tofi biyu, kore." Ya dubi tukunyar fure, kowa ya bi idonsa. "Sabo turken wawa, chamigo. Ni ma na tsallake tukar da farko."

Nicasio yana nan tsaye, hannuwansa biyu a miƙe, ruwa na ɗiga daga ƙoƙon a kan tebur.

"Wa ke zaune a kujerar?" Casimiro ya tambaya, yana duban silin.

"Ban ga fuska ba, Farfesa. Ƙasa nake karantawa. Abin da na sani shi ne abin da kowa ya sani: Injiniya Nicasio ba ya tsayawa ya zuba wa kowa yana zaune, sai mutum ɗaya."

Dokta Ulpiano bai ɗaga murya ba. Fara'ar ma ba ta bar fuskarsa ba, idon ne kawai ya mutu. Ya dubi ƙoƙon da ake miƙo masa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

"Ajiye wannan, Nicasio," ya ce. "Ba na sha." Ya juya ga mai rubutu. "Rubuta: waya ta tsufa, shanu suka karya ta. Babu bincike a kan kowa. Akwai mai ja?"

Casimiro ya buɗe baki, ya tuna da Mayu, ya rufe. Aka rubuta.

*

Ranar sha biyu ga Maris Zulema Insaurralde ta zauna jarrabawarta a gaban malamai uku da aka kawo daga wata jami'a, ta yi musu darasi a kan cutar da ke baƙanta wuyan zangarniyar shinkafa. Ta ci.

Nicasio kuwa ba a kore shi ba, ba a ba shi takarda ba. Mabuɗinsa ne ya ƙi buɗe ofishin sakatare. Ɗakin tsofaffin kujeru ya samu sabon mai shi, ƙoƙo kuma ya fara tsallake shi a zagaye.

Ranar talatin da ɗaya ga wata, da hantsi, Eleuterio yana zaune a kan saiwar timbo, Zulema a gefensa, yana zuba mai ɗaci.

"Takardarka ta zo, Baba?"

"Ranar ba ta ƙare ba tukuna."

"In ba ta zo ba fa? Gidan..."

"Sha, ruwan na hucewa."

Can a bakin shinge, inda aka ɗaure sabuwar waya, Nicasio na tsaye shi kaɗai, filas a hammata, yana yin kamar shanu yake kallo. Zulema ta gan shi. Ta mayar wa tsohon da ƙoƙo.

"Wata takwas da yawa," ta ce. "Zuba masa."

Eleuterio ya cika ƙoƙon, ya ɗaga shi sama yadda za a gani daga nesa. Nicasio ya yi taku ɗaya. Sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi tagar ofishin shugaba a hawa na biyu, inda labule ya ɗan buɗe. Eleuterio bai sauke hannunsa ba. Ya riƙe ƙoƙon a sama har tururin ya daina tashi.